Sandar Fatsar da Na Kai wa Baba

Shekarar da aka samu mulkin kai, Baturen da nake yi wa kuku a Damagaram ya tattara zai koma gida, ya bar mini sandar fatsarsa kado, wato kyauta. Siririya ce mai sheƙi, ana harhaɗa ta gaɓa-gaɓa. Ban yi wata-wata ba na kai wa babana a ƙauyenmu, wajen Zermu, ina tafe ina hura hanci.

Baba manomi ne, amma da tafki ya cika, sunansa ne a bakin kowa: tarwaɗa ba ta kuɓuce masa. Yana da yadda yake gwada sanda. Sai ya rataya buta cike da ruwa a kanta ya ɗaga. In kan ya sunkuya, gindin ya tsaya ƙyam, ta tarwaɗa ce. In ta lanƙwashe har kusa da hannu, ta ƙananan karfasa ce.

A gabana ya gwada tawa. Buta ba ta ma bar ƙasa ba, sanda ta tanƙware kamar baka. Ni da wautata na ce, "Ka gani, Baba? Ba ta karyewa!" Ya kwance butar, ya karɓi sandar. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya faɗa, balle ya kushe abin da na kawo.

Damina guda da ita yake zuwa tafki, tsohuwar sandarsa ta gora tana jingine a bayan rumbu. Kifi ya ja, sanda ta bi shi, ba ta da ƙarfin juyo da shi, ya shige ciyawa ya tsinke zare. Abokan wasa suka samu abin yi, har waƙa suka yi masa. Ni kuwa ina birni ina ba da labarin alherina.

Gwaggo ce ta fasa mini ƙwan, da na je bayan girbi. "Kai ɗan nan, ka mai da ubanka abin dariya, ba ka sani ba?" Kunya ta rufe ni. Na roƙe ta ta ce masa ya ajiye sandar, wallahi ba zan ji haushi ba.

Ta shiga, ta jima, ta fito.

"Ya ce a gaya wa wancan, sanda lafiyarta lau. Hannunsa ne ya tsufa."