Tarin da Na Ce Na Sani

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah ya karɓi ranki, Yaya, a asibitin da kika yi shekara talatin kina karɓar haihuwa.

Ke kika riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ke kika ja ni makarantar aikin jinya, ina kuka ina cewa jini nake tsoro. Akwatinki na wurin aiki bai taɓa rabuwa da zani da sabulu ba, saboda matan da naƙuda ke kawowa hannu rabbana. Faɗa kam kina da shi, magidanta da yawa sun sha shi a bakin ƙofa, amma su ne suka cika layin gaba a jana'izarki.

Da tari ya kama ki bara, ba ki bi layin likita ba. Gidan da ke da ma'aikatan asibiti biyu, wa zai yanki katin ganin likita? Ni da na shekara ashirin a sashen masu tarin fuka, wato tibi, na ce na san wannan tari kamar yunwar cikina. Sau biyu aka auna majinarki ba a ga komai ba, na ce awo yakan yi kuskure. Na ɗora ki kan magani, wata shida ina tsaye a kanki kina haɗiya, kina ramewa.

Sai da kika fara tofar da jini aka yanki tsokar huhunki aka duba. Likita ya ce kansa ce, irin wadda ba kasafai ake gani ba, ƙwayoyinta kamar na huhun ɗan tayi. Kika yi dariya kika ce, "Ina ta fito da jariran mutane, ashe nawa a ƙirji ya zauna." Likitan ya ce da an zo da wuri, da tiyata ta yi amfani. Bai kalle ni ba.

Ranar da za ki rasu na durƙusa gefen gadonki ina neman gafara. Kika janye robar iska daga hancinki kika ce, "Auta, tun wata na biyu na san ba tibi ba ne. Ban so in kunyata ki a gaban abokan aikinki ba."

Wallahi Yaya, da kin kunyata ni. Kowa na ce mini kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa cutar nan ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki da 'ya'yanki huɗu, Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma a sa ni a addu'a. Gobe zan koma aiki, mutane za su yi tari a gabana suna jiran in faɗa musu abin da ke damun su.