Hoton Barira a Cikin Takaba

Shekara ashirin Lauratu ta yi tana karɓar ƙuliƙuli da man gyaɗa a hannun matan Kurugu, tana kaiwa kasuwar Karaye. Mace ce da ake ba wa amana a yi barci, domin ba a taɓa jin maganar wani gida a bakinta ba. Da gwiwa ta fara yi mata gardama, sai ta koma sayarwa ta wata manhajar ciniki a waya.

Manhajar ta nemi hoton mai suyar ƙuliƙulin. Lauratu ta saka na Barira, gwanar cikinsu, wanda ta ɗauka ranar wani suna, ta sha kwalli da jan baki tana dariya. Rubutun sharuɗɗa da Turanci ya fito, dogo kamar hanyar Kano. Ta danna inda ake dannawa, ta wuce.

Bayan wata bakwai mijin Barira ya rasu, ta shiga takaba, ba kwalliya ba fita. A mako na uku hoton ya ɓullo a talla, yana yawo a wayoyin mutane. Wa zai tsaya tambayar ranar da aka ɗauka? Dangin mamacin suka ce ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, har ta yi ado.

Lauratu ta hau acaɓa zuwa Karaye, wurin Bahauddeen mai shagon kwamfuta.

"Akwai doka, Inna," in ji shi. "Mai hoto tana da ikon cewa a goge."

Ya rubuta wa kamfanin manhajar. Bayan kwana tara amsa ta zo, wai hoton yana ajiye a wata ƙasa, a hannun wani kamfanin talla, sai a jira.

"Wace ƙasa, ɗan nan?"

"Ba su faɗa ba."

Sau biyar tana komawa, kullum amsa ɗaya. Ta gaji, kuma ba gajiyar gwiwa ba ce. Kunya ce ke cin ta.

Sai da Barira ta fita takaba da mako biyu aka cire hoton. Lauratu ta ɗauki kwanonta na karɓar ƙuliƙuli ta je gidan, ta yi sallama, suka gaisa, ta miƙa wayar.

"Duba, an goge."

Barira ba ta karɓa ba, ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko.

"A waya aka goge, Yaya. Gidan su marigayi fa, wa zai je ya goge?"

Ranar Lauratu ta koma gida da kwanonta wayam.