Gashin Fiffike Bakwai

Ni dai wautata ba ta jira na tsufa ba, tare muka girma. Aji uku na yi aka sallame ni, har yau kuma ban ga laifin malamin ba.

Shekarar korona ina gadi a wani gini da ke bakin ruwa a Lusail ta ƙasar Qatar, ni da wani Bazazzagi. Ni kuwa Bakano, ka san abin ba dama. Matarsa ta haihu a gida, an rufe hanyar jirgi, fasfonmu yana hannun maigidan da ya kawo mu, jaririn ma ba lafiya.

Da sanyi akwai wasu tsuntsayen teku da ke cika wurin, kamar balbela ta ci ta ƙoshi. Ni duk ɗaya nake ganinsu. Shi ya bi su a waya har ya rarrabe: masu hasken baya daga tafkunan wata ƙasa, masu duhun baya da rawayar ƙafa kuwa daga can ƙarshen Rasha, inda ruwa ke daskarewa. Cin rani suke zuwa, in zafi ya ƙarato su koma.

Ɗaya mai duhun baya ta bugi wayar lantarki ta faɗo. Ya ɗaure mata fiffike, yana ba ta kan kifi. Ya ce, "Ranar da ta tashi, ni ma hanyata za ta buɗe."

Na ce, "Bawana, tsuntsuwa ce bokanka yanzu?"

Ya tafi sallar azahar, na ɗauko almakashi na yi mata yadda muke wa sabuwar tantabara don kada ta gudu. Gashi bakwai, ɓari ɗaya. Nufina in ga idonsa, in yi dariya.

Na kuwa yi. Kullum sai ya cilla ta sama, ta karkace ta faɗo, ni ina "Yalla, yalla!" irin yadda Larabawa ke gaggauta mu. 'Yan uwanta suka watse, zafi ya sauko. Ta riƙa buɗe baki a inuwar kwantena, ta daina cin kifin. Sati uku ta yi a haka, ta mutu.

Da ya ɗaga gawar zai binne, ya buɗe fiffiken, ya ga yankan a miƙe. Waya ba ta yanka haka. Ya dube ni, bai ko ɗaga murya ba.

"Yaya, ashe kai ma fasfon da za ka riƙe ne kawai ba ka samu ba."