Gonar da Armiya'u Ya Saya a Intanet

Armiya'u ɗan gwaggona ne, ni 'yar kawunsa, saboda haka tun muna yara nake da izinin faɗa masa abin da kowa ke jin nauyin faɗa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Dogo ne, siriri, yana tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. Duk ƙasar Zurmi ban san wanda ya kai shi taurin kai ba. Aikin malamin gona ya yi har ya yi ritaya, kuma a kan babur ya cinye shekarun nan, daga Dauran zuwa Moriki, wani lokaci har ƙauyukan Shinkafi da ba ma hurumin aikinsa ba ne, yana leƙa gonakin mutane yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Da zaman Dauran ya fara gagarar mutane, muka kwaso iyali muka dawo Ƙaura Namoda, gidana da nasa katanga ɗaya. A nan ya haɗu da Jamilu, wani magidanci mai shagon kwamfuta kusa da tasha. Jamilu ne ya buɗe masa shafi a intanet, irin na kyauta, don ya huta da yawan surutunsa. Bai huta ba. Armiya'u ya samu abin yi. Duk ƙauyen da ya je sai ya tsayar da manomi kusa da daminsa ya ɗauke shi hoto, ya rubuta sunansa da na ƙauyen, da irin da yake shukawa, da wanda ya gada a wurinsa. Har rijiyoyi da rumbuna da masallatan jar ƙasa bai bari ba.

Da farko dariya nake masa. Wa zai sayi data don ya kalli tsoho riƙe da zangarniya? Sai ƙauyukan suka fara watsewa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka gudo Ƙaura da Gusau, da waɗanda suka bi mota har Legas, suka riƙa buɗe shafin don su ga ƙofar gidansu, ko fuskar wanda aka binne ba su nan. Abin da ya sa al'amarin ya fi nauyi shi ne babu kwafin hotunan nan a ko'ina. A hanyoyinmu, in aka tare ka aka ga hotunan ƙauyuka cike da wayarka, sunanka ɗan leƙen asiri, kuma ba za a tsaya jin bayanin irin gero ba. Don haka da ya ɗora hoto a shafi sai ya goge na waya. Duk abin da ya tara yana wuri ɗaya.

Rigimar ta fara ne wata ranar Talata da hantsi, ina tsince shinkafa ya faɗo gidana ko sallamar kirki babu.

"Hindu, dubi wagga masiha," ya ce, ya tura mini wayar har bakin hanci. "Hoton liman na, da carbi ga hannunai. Dubi abin da anka liƙa ƙarƙashinai."

Tallar caca ce, da wata mata da ba ta gama sa kaya ba. Na yi dariya har shinkafar ta zube, shi ko fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Kafin nan ma masu kamfanin shafin sun taɓa ɓoye masa wani rubutu saboda hoton rumbun da aka ƙone, wai ya saɓa ƙa'idarsu. Ya ce lallai in raka shi wurin Jamilu, don ni na fi shi iya faɗa.

Jamilu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Baba, hanya biyu ta. Ko ka zauna inda kake, kyauta, su ka gyara, su ka tsaro, amma wurin nasu na, su ka sa abin da sunka ga dama. Ko ka samu naka na kanka, da sunanka da adireshinka, ba talla, ba mai taɓa maka rubutu. Amma kai za ka kula da shi, kuma duk shekara sai an sabunta."

"Wato aro da saye," in ji Armiya'u.

"Kusan haka, Baba."

"Babu kusan. Aro na sani, saye na sani."

Daga nan ne fa komai ya karkace, don da zarar Armiya'u ya mayar da magana gona, to ya gama ji. Na ce masa, "Kai bawan Allah, wa yac ce ka tashi? Kau da kai ga tallar, ka ci gaba da abinka. Kai da ko lambar sirrin wayarka sai an tuna maka, kai za ka riƙe shahin intanet?" Ya ce ubansa ya yi noma a gonar aro, ya zuba mata taki shekara da shekaru, da ta yi kyau mai ita ya zo ya ce yana so. Shi ba zai maimaita ba. Na ce wannan ba gona ba ce. Ya ce ai mu mata ba mu san sha'anin ƙasa ba. Na ce to maza da suka sani, ga su nan zaune a gidan haya a Ƙaura. Mun yi mako muna gaisawa ta kan katanga kamar baƙi.

Gaskiya ita ce kowannenmu yana da hujja. Na kyautar ana iya rufe shi ran da aka ga dama, kuma ba a tambayar ka kafin a yi maka liƙe-liƙe. Naka kuwa kamar jariri ne, in ka manta da shi ba mai tuna maka. Ni tsorona na biyun ne, domin na san mutumina.

Ranar da ya saya, da sai kun gani. Ya sa babbar riga, ya ɗauko dattawa biyu daga masallacin unguwa su zama shaidu, ya riƙo ƙullin goro. A cikin shagon, tsakanin injin hoto da janareta, Jamilu ya danna abin da zai danna, Armiya'u ya sa aka nuna wa shaidu allon kwamfuta, ga sunansa nan ɓaro-ɓaro a adireshi. Dattawan ba su karanta boko, amma suka gyaɗa kai suka ce sun gani. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Jamilu ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa, ya sake cewa, "Baba, kak ka manta, baɗi war haka a sabunta."

"In lokaci ya yi sun zo," in ji Armiya'u. A tunaninsa abin kamar haraji ne. Mai karɓa yakan zo ƙofar gida ya yi sallama, in ba ka nan ya bar saƙo wurin mai unguwa, in ka yi jinkiri a yi maka magana a gaban mutane ka ji kunya ka biya. Bai taɓa jin inda aka karɓe wa mutum abin da ya saya a gaban shaidu ba tare da an tako an same shi ba.

Jamilu ya kwashe komai daga tsohon shafi ya mayar sabo, aiki ya yi kyau, ba talla ba komai. Har ni na yaba, ko da yake a ciki na yaba. Sai Armiya'u ya ce saura abu ɗaya: a mayar wa waɗanda suka ba shi aro abinsu. Jamilu ya ce a bar shi mana, ai ba ya cin komai, ko don gaba. Ya ce a'a. A Dauran, in ka samu gonarka ba ka ci gaba da riƙe ta aro, sai ka share ta, ka cire kararenka, ka je ka yi godiya ka miƙa, don wataƙila wani na jiran wurin. Riƙe biyu haɗama ce da rashin kunya. Ya tsaya a kan Jamilu sai da ya goge tsohon shafin kaf, har ya sa aka rubuta wa kamfanin saƙon godiya da addu'ar Allah ya ƙara arziki.

Da labari ya iso ni, na ji kamar in haura katanga in shaƙe shi. Na ce, "Armiya'u, su waɗanga mutane ko sanin kana duniya ba su yi ba! Wa ka jiran wurinka?" Ya ce ko ba su san shi ba, shi ya san kansa. Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Shekara ta zagayo daidai lokacin da aka yanke sabis ɗin waya a Zamfara baki ɗaya. Wanda ya zauna a nan ya san yadda aka yi: waya ta koma tocila, mai son magana da ɗansa sai ya hau mota ya fita jiha. Shagon Jamilu ya mutu murus, ya kulle ya tafi Sakkwato neman abin da zai ciyar da iyali. Kamfanin da ya sayi sabon shafin a wurinsu kuwa, a nasu ganin, sun yi sallama. Sun aiko saƙon imel, sun sake aikowa, sun yi gargaɗi na ƙarshe, duk suna shiga akwatin da ba mai iya buɗewa. Armiya'u yana zaune a ƙofar gida hankali kwance, har yana ce mini shi yanzu ko shekara aka yi ba sabis, abinsa na nan inda ya bar shi.

Da sabis ya dawo ya buɗe adireshinsa, sai ga takalma. Takalman mata, jere-jere, da rubutu cikin wani harshe da ko Jamilu bai san na wace ƙasa ba ne. Sunan Armiya'u na nan a sama, amma wani ya saye shi.

Ya kira Jamilu, ina tsaye ina ji. "Ba sallama? Ba aike? Ko ga mai unguwa ba su zo ba?" Jamilu ya yi iya ƙoƙarinsa, ya rubuta musu, ya bayyana cewa jiha guda ce aka yanke wa waya. Suka amsa cikin ladabi mai ƙona rai cewa sun tausaya, amma wa'adi ya wuce, kuma abin da ke ajiye an share shi. Armiya'u ya koma wurin shaidunsa. Dattawan suka ce a shirye suke su dafa Alƙur'ani a gaban kowa, a nuna musu inda za su je kawai. Ba inda za a nuna musu.

Na so in ce masa ai na faɗa maka. Na tanadi maganar, na wasa ta, na je har zaurensa da ita. Na same shi zaune da waya a hannu yana ta jan takalman nan sama da ƙasa, kamar zai tarar da Dauran a ƙarƙashinsu. Na koma gida da maganata, kuma har yau tana ci na, don ban san wanda zan zuba wa ita ba. Da Jamilu ya dawo ya ce a buɗe wani, na kyauta ko na saye, duk wanda yake so. Armiya'u ya ce, "In sa mi ciki?" Rabin ƙauyukan da ya ɗauka yanzu ciyawa ce ta rufe su, kuma ba mai shiga.

Bayan sallar layya wata mata ta yi sallama a gidana tana neman malamin gona mai hotuna. Sunanta Yalwa, daga Tungar Sodangi ta gudo, yanzu tana zaune wurin 'yan'uwanta a Moriki. Na kai ta zauren Armiya'u na zauna daga gefe. Bayan gaisuwa ta ce an faɗa mata akwai hoton maigidanta a wurinsa. Ba ta ambaci sunansa ba, kamar yadda ba ma ambata. Ta ce, "Mai gona bakin rahi, Malam, wanda kan noma dogon gero. An kashe shi bara. Bai taɓa yin hoto ba sai naka. So nike in gan shi, ko sau guda."

"Malam Hassan," in ji Armiya'u. Ta sunkuyar da kai.

Sannan ya gaya mata gaskiya, bai ɗora wa kowa ba, ya ce hoton ya ɓace tare da sauran. Ban ga alamar ta gane zancen shafi da sabuntawa ba, amma ta gane babu. Ta gyara mayafi kamar za ta tashi, sai ta ce, "To Malam, kai da ka gan shi rannan, yaya yake? Yana dariya?"

Na ga Armiya'u ya rufe ido yana nema. Wallahi na so ya yi mata ƙarya, ni da kaina na kusa cewa yana dariya, alhali ban taɓa ganin mutumin ba.

"Ki gafarce ni," ya ce. "Huskar ta ɓace mani. Geron nika tunawa."

Yalwa ta dube shi. Ta saki mayafin da ta tattara, ta koma ta zauna sosai a kan tabarma.

"To gaya mani geron," ta ce.

Ya fara. Ya ce zangarniyar ta kai tsawon hannunsa har ta gota, ƙwayar a matse, fari-fari da ɗan duhu a baki, kuma an ɗaure damin da igiyar rama, ɗauri biyu, irin na mutumin da ba ya gaggawa. Tana ji tana gyaɗa kai, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Da ya zo kan ɗaurin ta ce, "Haka yaka yi." Ya gama, ta yi godiya, na raka ta tasha ta hau motar Moriki.