Ban Kwanan da Na Bi Har Yamai

Tun ina goyon autana nake dafa abinci a ƙofar kamfanin nan mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga duwan, wato kwastan, kan hanyar da ta nufi gadar kan iyaka. Babban bironsu, wato ofishinsu, a nan Gaya yake, bene hawa biyu, manyan motocin kamiyo jere a bayansa har inda ido ya tsaya. Duk wanda ya ci albashi a gidan nan, to ya ci shinkafata da miyar giwan ruwa. Patoron ɗinsu ma, shugaban gidan, yana ƙaramin ma'aikaci da wando ɗaya na fara zuba masa, har da ƙarin kai na kifi.

Wata Litinin na zo da tukwanena na tarar da kwaɗo a ƙofa. Gardi mai tsaron ƙofar ya ce mini, "Inna, ai sun tashi. Sun koma Yamai."

Na ce, "Su wa?"

"Kamfani duka. An ce kaya ya ja baya a gada, aikin kuma yanzu a ordinater, kwamfuta, ake yinsa."

Na ce masa ƙarya yake. Wa ya taɓa tashi bai yi wa maƙwabci ban kwana ba? A garin nan ko mai haya ne zai bar ɗaki, sai ya bi gida-gida ya ce a yafe masa. Wanda ya tafi shiru, to an yi masa laifi ne, kowa ya san haka. Na hura wutata na dafa kamar kullum. Ranar har karnukan unguwa sun ci giwan ruwa.

Kwana uku ina yin haka. Sai maƙwabciyata a rumfa, wata Bazabarma mai suyar kifi wadda bakinta ya fi man suyarta zafi, ta fara.

"Hajiya, an ce gishiri ne."

"Wane gishiri?"

"Na miyarki mana. Mutum arba'in sun gudu da kujerunsu, ko sallama babu. Ni dai ban taɓa korar ko ƙuda ba."

Da wasa ta faɗa, amma kafin Juma'a magana ta kai kasuwa. Masu kabu-kabu in sun gifta sai su ce, "Inna, yau wa za a kora?" Ni da an san hannuna daga nan har Malanbil, ƙetaren gada! Direbobin da suka rage duk sun koma layin gada, can ya kamata in mai da tukwanena. Amma in na tashi a haka, na amsa laifin ke nan. Sunan zai riga ni isa can.

Na ɗaura zanena na biki, na cika kula da miya, na shiga mota sai Yamai.

Sabon gidan nasu gilashi ne tun daga ƙasa har sama, ko inuwar da mai abinci za ta zauna babu. Wata yarinya a bayan tebur ta ce, "Madam, kina da randebu?"

Na ce, "'Yar nan, je ki ce wa patoron uwarsa ta Gaya ce. In ya ce bai gane ba, ki ce mai ƙarin kai."

Ta ɗaga waya tana kallon kular kamar za ta fashe. Ba a jima ba sai ga shi ya fito daga akwatin nan mai hawa da mutane sama, ya yi tumbi, ya durƙusa a gaban ma'aikatansa.

"Inna! Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Ban kwana na zo karɓa."

"Ai mun aika takarda, Inna. An liƙa a ƙofa."

"Takarda ce ta ci miyata?"

Ya sunkuyar da kai ya ce in yafe musu, shi da kamfani duka. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sai da na faɗa na tuna babu ɗan Gaya ko ɗaya a wurin. Ban kwanan da ba shaida, ina amfaninsa? Na ciro wayata na ce ya maimaita a ciki, yadda ake aika murya. Ya yi. Na ce bai ambaci miya ba, ya sake. Ya sake, na ce muryar ba ta nuna kewa ba. Na buɗe kular, aka kawo cokali, ya ci a tsaye da karabat ɗin kwat ɗaure a wuya. Na ukun da baki cike ya yi shi, har da rantsuwa cewa tun da suka zo Yamai bai ƙoshi ba.

Da na dawo ban shiga gida ba, rumfa na wuce. Na ƙure ƙarar waya. Bazabarma ta saurara har ƙarshe ta ce, "Wannan ai kuka yake. Yaji ne?" Amma sau biyu ta ce in sake kunna mata, kuma ita ta kira masu kabu-kabu su zo su ji. Cikinsu na ga mutum uku da a da suke aiki a biron kamfanin da takalmi mai ƙyalli. Ɗaya ya ce, "Mu ma dai an yi mana ban kwana ke nan, Inna. Turo mini."

Na ba shi wayar ya tura da kansa. Washegari na bi rumfunan layinmu ɗaya bayan ɗaya na ce a yafe mini, gardi ma na same shi yana gadin kwaɗo na gaya masa, sannan na sa aka ɗora tukwanena a amalanke muka nufi gada.