Sahabi, Bakin Madam Iren

Ranar da rediyo ta faɗi rasuwar Madam Iren, gidan Sahabi tsofaffin Filinge suka nufa gaisuwa. Baturiya ce, 'yar wasan silima ta ƙasar Faransa. Ta mutu tana da shekara casa'in da bakwai, ba ta taɓa taka ƙasar Kurfai, inda garin Filinge yake, ba, ba ta ma san da ita a duniya ba. Duk da haka aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, ana zuwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa, "Sahabi, ya haƙuri?" Yana amsawa yana godiya, amma shi kaɗai ya san abin da ke tsakaninsa da mamaciyar.

Sahabi ɗan manomi ne. Bayan fari da yunwar shekarun alif ɗari tara da saba'in ya tafi cirani Abijan, ya yi dako shekara biyu, ya dawo da baƙin tabarau da kalmomin Faransanci da ba su kai talatin ba. Ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga, ya iya zagi. A lokacin wannan ya isa a ce mutum ya ji yaren Nasara. Sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Magagi, ya sayo tsohon majigi daga Yamai, haɗe da finafinai baƙi da fari waɗanda gidajen silima na birni suka gaji da su. Yana neman wanda zai tsaya gefen farin ƙyalle ya faɗa wa jama'a abin da Turawan ke cewa. Aka ce ai ga Sahabi. Shi kuwa bakinsa bai taɓa iya furta "ban iya ba", sai ya karɓi makirufo.

A fim ɗin farko wata mace mai manyan idanu ta fito ta buɗe baki, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Mutum ɗari uku na jiransa. Ya dubi fuskarta, ya ga kamar tana cikin damuwa, sai ya ƙanƙance murya ya faɗi abin da ya ga ya dace da fuskar. Can wata mata ta fashe da kuka. Daga ranar ya zama bakin Madam Iren.

Shekara goma sha biyar ya yi yana bin kasuwanni da majigin nan, Baleyara, Bonkuku, da ƙauyukan da mota ke iya shiga. Finafinanta shida ke cikin akwatin Alhaji, kuma a duka shidan Sahabi ya mai da ita mace mai haƙuri da riƙon amana. Wanda aka fi so shi ne inda take zaune bakin gadon mijinta marar lafiya, ta miƙa masa kofi, ya sha, ya cika. A nan Sahabi kan ce, "Sha, maigida. In ka tashi mun gode Allah. In ba ka tashi ba, ɗiyanka ba su kwana da yunwa ina da rai." Mata suka haddace maganar. Wata mata mai suna Dija ta faɗa wa mijinta ita kalma da kalma ranar da zai rasu, tana da ciki wata bakwai. Ta haifi mace, aka raɗa mata Balkisa, amma ita Iren take kiran abarta. Da tallan kopto, kwaɗon zogalen nan, ta raini 'ya'ya biyar, kuma ba wanda ya kwana da yunwa.

Da bidiyo ta shigo majigi ya mutu. Sahabi ya koma gonar gero, da rani kuma yana shelar biki da suna, don muryar ba ta tsufa ba. Ya ɗauka maganar ta binnu.

Rana ta uku da zaman gaisuwa sai ga Balkisa. Yanzu malamar Faransanci ce a kolej, irin wadda ɗalibai ke gyara zama in sun ji takunta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta jira mutane suka ragu. Ta ce ƙungiyar samari ta samo fim ɗin kofin nan, za a nuna shi ran Asabar da la'asar, tunda yanzu ba a taro bayan duhu saboda rashin tsaro. Kuma an riga an yi shela cewa Sahabi ne zai yi baki.

"Baba, na kalli fim ɗin jiya," ta ce. "Sau biyu."

Ya gyara hula.

"Guba ta cikin kohin nan, Baba. Ita tak kashe shi, don ta gaji gidan."

Ta faɗa masa abin da jaridu suka rubuta. Matar ta fara wasa tana da shekara goma sha bakwai, ta yi fim arba'in, ta daina kafin ta kai hamsin, kuma abin da ya fito da sunanta shi ne fitowa a muguwar mace. Turawa suna shiga silima ne don su tsane ta.

"Sunan mai kisan kai Inna tas sa mini," Balkisa ta ce.

"Ɗiyata," ya ce, "ni ban jin Hwaransanci. Ban taɓa ji ba."

Shekara hamsin maganar na cikinsa, sai yau ta fito, kuma bai ji sauƙi ba ko kaɗan. Balkisa ta ce kujerun gaba duk ɗalibanta ne, kowace kalma suna ji. In ya maimaita tsohon zancensa, dariya za su yi masa a gaban sa'o'insa, kafin magariba kuma gari ya ɗauka. Kunya ta rufe shi har ya kasa kallonta. Ya roƙe ta ta koya masa ainihin abin da matar ta ce. Kwana uku yana zuwa gona ba don aiki ba, yana tsaye tsakanin karan gero yana hadda kamar ɗan makaranta.

Ran Asabar aka rufe tagogin ɗakin taron samari da tabarmi don a sami duhu. Zafi ya cika ɗakin, injin wuta na ruri a waje. Ɗalibai a gaba, tsofaffi a baya. Aka rako Dija da sandarta, ta ɗauro zanen sallarta. Sahabi ya ganta, ya ɗauki makirufo.

Aka fara. Ya bi haddarsa a hankali, tsofaffi suna ɗan motsi suna kallon juna, don zancen ba yadda suka san shi ba ne. Sai ga gadon, ga marar lafiyar, ga kofin. Gumi ya jiƙe masa riga. Ya kai makirufo baki, ya ƙanƙance murya, ya ce:

"Sha. Na gaji da jiran mutuwarka. Gobe gidan ga nawa na."

Sannan aka ji sanda ta bugi siminti.

"Ƙarya kakai, Sahabi!" Dija ce, a tsaye. "Ba haka tac ce ba! Cewa tay yi, sha, maigida, in ka tashi mun gode Allah..."

Tsofaffin mata suka karɓe tare da ita har ƙarshe, ba wadda ta yi tuntuɓe. Aka tsayar da fim. Fuskar Madam Iren ta tsaya a jikin ƙyalle, kofi a hannu. Wani dattijo, Hamma, ya ɗaga murya ya ce mene ne na gardama, ga malama nan, a tambaye ta.

Ido ya koma kan Balkisa. Ɗalibanta suka juyo, su da take soke wa jarrabawa saboda kalma ɗaya. Sahabi ya san abin da zai biyo baya. In ta ce gaskiya ya faɗa yau, to shekara hamsin ƙarya ya yi, kuma abin da Dija ta faɗa wa mijinta a bakin mutuwa ƙagen wani ɗan dako ne. Balkisa ta dubi uwarta. Tsohuwar na tsaye, hannu biyu ta riƙe sandar.

"Baba Sahabi ya tsuhwa," Balkisa ta ce. "Yadda Inna taf faɗi, haka na."

Ta bi kujerun gaba da irin kallon da take yi a aji. Ko tari ba wanda ya yi. Aka mai da fim baya kaɗan, kofin ya sake fitowa, Sahabi ya faɗi tsoffin kalmominsa da tsohuwar muryar, hawaye na bin gemunsa. A baya mata suna kuka kamar da.

A bakin ƙofa Dija ta tsaya gabansa. Fushinta ya sauka, tausayi ne a fuskarta. "Ka nemi magani, Sahabi," ta ce. "Mantuwa ta hwara kama ka."

Ya ce to.

Tun daga ranar ba a sake kiransa shelar biki ba, kada ya manta sunan amarya a gaban baƙi. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don muryarsa na nan, kansa kuma garau. Amma duk wanda ya tambaye shi abin da ya same shi ran Asabar ɗin nan, cewa yake mantuwa ce.