Kaset ɗin Yayana Tela

Yayana tela ne a Maradi, kuma bai san Turanci ba ko kalma goma, amma ba abin da yake so kamar waƙoƙin kaboyi na Amurka, irin na dā, masu jita da murya mai sanyi. Wata tashar Najeriya ke saka su ranar Lahadi da hantsi. Sai ya jera rakoda kusa da rediyo a kan teburin yanka, ya danna, ya koma kan kekensa. Sunayen mawaƙan ba ya riƙe su. Akwai wanda yake kira mai gemu, akwai mai muryar rijiya, akwai wata mace da yake kira uwar gashi saboda hotonta da ya taɓa gani.

Da ya rasu, 'yarsa ba ta kai shekara uku ba. A cikin kayansa na ɗauki kaset guda, na zo da shi Faransa, na saka a gwangwanin biskit a ɗakina na Sevran. Shekara ashirin da ɗoriya ban kunna shi ba. Tun a gida na ji ana wa'azi cewa wanda ya bar abin saɓo a bayansa, duk lokacin da aka yi amfani da shi ana rubuta masa zunubi. Ni karatuna bai wuce firamare ba, ban iya tantance irin wannan magana, sai dai in ji tsoronta. Na kasa kunnawa, na kuma kasa jefarwa.

Yarinyar ta girma, aure ya kawo ta Lyon, unguwar Minguettes. Wata rana ta kira ni, bayan gaisuwa ta ce, "Baffa, Inna ta ce akwai muryar babana a wurinka. Ni ban san muryarsa ba."

Na ce zan duba. Mako uku ina dubawa. Daga ƙarshe na yanke shawarar da na ga ta fi tsabta: a ciro mini maganarsa kaɗai, a bar kiɗan.

A unguwar Barbès akwai wani Alhaji ɗan garinmu mai shagon waya, da nake jin yana juye tsofaffin kaset zuwa katin waya. Na same shi yana cin burodi da kaza, mai na gangaro masa har gwiwar hannu. Bai goge ba ya miƙo hannun ya karɓi kaset ɗin. Na ga shatin yatsansa a kan rubutun yayana.

"Malam, wannan ai ya girmi jirgin metro," ya ce. "Daga wane kabari ka tono shi?"

Na yi masa bayani sau biyu. Na ce waƙa ce a ciki, amma akwai maganar mutum, ita nake so. Yana gyaɗa kai yana amsa waya, yana kuma yi wa wani ciniki da Faransanci. Ya ce in dawo Asabar. Duk makon nan ina tunanin ko ya ji ni. Har na sauko daga jirgin ƙasa wata safiya don in koma in sake faɗa masa, sai na ji kunyar ya ce na cika naci.

Ranar Asabar ya tarbe ni da fara'a, ya saka katin a wata babbar sifika. Waƙar mai muryar rijiya ta fito tas, kamar mutumin yana tsaye a shagon. Babu ƙarar keke, babu tari, babu kowa.

"Ka ji aiki," in ji Alhaji. "Naka duk hayaniya ce, wani na ta surutu a kai, ga ƙarar inji. Waya na kanga masa ta gano mini sunan kowace waƙa, na sauko maka da sababbi fil daga intanet. Har na ƙara maka wasu kyauta."

Na ce, "Alhaji, mai surutun nake so."

"To ai sai ka faɗa."

Na san in na buɗe baki zan faɗi abin da zan yi kwanaki ina istigfari a kansa. Shi kuwa ya samu abin wasa. Ya zauna a Legas, yana jin Turanci, sai ya shiga fassara wa mutanen shagon.

"Kun san me wannan ke cewa? Matarsa ta gudu, yana zaune a gidan giya. Ta gaba kuma daga kurkuku yake rera ta. Ita wannan hajiyar roƙon wata take kada ta ƙwace mata miji. Malam, ashe haka kake a ɓoye? Muna ganinka sahun gaba."

Suka yi dariya. Ni abin da na daɗe ina zargi ne aka tabbatar mini a bainar jama'a, da baki mai maiƙo.

Na tambayi kaset ɗina. Ya nuna ƙarƙashin tebur da ƙafa. Kwali ne na shara: matattun caja, ƙasusuwan kaza, tukar goro, gwangwanin lemo da ya tsiyaye. Na durƙusa na sa hannu a ciki. Na same shi can ƙasa, zaren ya zubo waje kamar hanji, yana danƙo. Wani abu mai sanyi ya manne mini a yatsa, har yau ban san ko mene ne ba. Na wanke hannu sau huɗu a ranar, ina jin warin bai fita ba.

A ɗaki na goge zaren da auduga a hankali, na naɗe shi da bik ɗin rubutu. A nan na lura da wani farin abu kamar gari a cikin kaset ɗin, can inda lemo bai kai ba. Ban so na gane ko mene ne ba.

A jirgin ƙasan da ya kai ni Lyon da kaset ɗin ban ci komai ba. In ya ƙi yi, me zan ce mata? In ya yi, me na jawo wa mamaci? Kowanne na tuna sai in ji ɗayan ya fi.

Yarinyar ta aro rakoda wurin wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarta, ta ajiye a tsakiyar tebur kamar abinci. Mijinta yana wurin aiki. Na ce mata ta tsaya, akwai magana. Na faɗa mata abin da waƙoƙin ke cewa, da abin da nake tsoro.

Ta ce, "Baffa, shi ya san abin da suke cewa?"

"Bai sani ba."

"To danna."

Kiɗan ya fito a karkace, yana lilo. Sai ga ƙarar keken ɗinki, tana tafiya tana tsayawa. Sai ga shi. Yana bin mai gemu da wani Turanci nasa da ba na kowa ba, yana kai ƙarshen layi kafin mai waƙar. Ko da Alhaji ya saurare ni, ba wuƙar da za ta raba muryar nan da kiɗan. Can jaririya ta yi ƙara, keken ya tsaya, ya ce, "Kai, ɗauke ta daga kan shaddar mutane, za ta jiƙa mini aiki." Da ni yake. Ya yi dariya, ya ce, "Zo nan, uwar masu gida."

Ta dafe bakinta. Ba ta yi kuka ba, ta dai matso da kunnenta.

Bayan waƙa biyu sauti ya fara nutsewa, ya koma gurnani, ya ɗauke. Muka juya ɗaya gefen, shuru ne da tsaki. Tsohuwar ta leƙo karɓar rakodarta, ta ɗaga kaset ɗin a haske, ta ce wannan ba lemo ba ne, danshi ne ya ci shi, na shekaru. Tun ranar Asabar nake tsine wa Alhaji a zuci, ashe mafi yawan ɓarnar a gwangwanina aka yi ta, ina zaune kusa da ita ina ganin kaina mai tsoron Allah. Na san a ɓangaren da ya lalace akwai inda yayana yake ba da labarin ranar da aka haifi yarinyar. Ban gaya mata ba.

Ta roƙi tsohuwar ta bar mata rakodar zuwa gobe, ta mayar da zaren farko, ta kanga wayarta ta ɗauki abin da ya rage, da kiɗan da komai.

"Zan riƙa ji, Baffa," ta ce. "In akwai laifi a rubuta mini."

Na ce ba haka ake yi ba, ba mu ke zaɓa ba. Ta ce ta sani. Ta miƙo hannu, na ciro kaset ɗin na ba ta. Ta naɗe shi a ɗankwali mai tsabta, ta kai ɗaki, ta dawo ta zuba mini shinkafa.